Manya Dama, Ƙanana Hagu

In ka taɓa zuwa wani taro a unguwar nan, na murna ne ko na jaje ko na ƙungiya, to ka zauna a kan kujerar Mai Kujeru, ko ka sani ko ba ka sani ba. Shi ke ba da hayarsu, shi ke jera su, shi ne kuma ke tsayawa a bayan rumfa yana hararar duk wanda ya kishingiɗa da ƙafa biyu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, muryarsa ta fi jikinsa girma, kuma a duniyar nan babu abin da bai iya ba. In ka ce motarka ta ƙi tashi, ya taɓa gyara irinta. In ka ce haƙori ke damunka, ya taɓa cire wa wani da filaya. Amma inda ya fi cika baki shi ne kan maganar zama.

"Zama ilimi ne," haka yake cewa yana bugun ƙirji. "Kowa ya iya ɗora jikinsa a kan abu. Sanin wa zai zauna ina, wannan sai mu. Manya dama, ƙanana hagu, babban cikin manya a tsakiya. Ka saɓa wannan, taro ya watse."

Sai dai akwai abin da ke cin ransa. Yana da wasu kujeru uku na alfarma, masu jan karan-miski da ƙafafu irin na zaki, an shafe hannuwansu da ruwan zinare. Duk Ciyaman ɗin da ƙungiyar 'yan kasuwar layinsu ta taɓa yi, a kan ta tsakiyar aka rantsar da shi. Mai Kujeru ke ɗauko ta a ka, shi ke kaɗe mata ƙura, wani ya zo ya hau, jama'a su yi tafi. Shi kuwa ba ya zama a kanta sai ya ja ƙofar shago ya tabbata ba mai leƙe. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, kuma a nan kam ban ga laifinsa ba.

Bana Ciyaman mai ci zai sauka. Zaɓen ƙungiyar sunansa dai zaɓe, amma kowa ya san mutum uku ke nuna wanda za a ɗaga wa hannu: Ciyaman ɗin da kansa, da Ma'aji, da Sakatare. Mai Kujeru ya fito takara. Abokin takararsa, wato Mai Fenti, tuni ya bi gidajen ukun ya fente musu ƙofa kyauta. Mai Kujeru ya sha alwashin sai ya yi abin da zai sa a manta da fenti.

Ana cikin haka sai hanya ta buɗe. Yayan matarsa, malamin asibiti ne da ya yi ritaya, yana da ɗan farin jirgin ruwa mai inji a tafkin bayan gari, da ɗan ɗaki a tsakiyarsa mai tagogi. Yana ji da jirgin nan fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Tafiya ta kama shi zuwa wurin 'yarsa da ta haihu a wani gari, sai ya kawo makullin ya danƙa a hannun ƙanwarsa.

"A riƙa tayar da injin lokaci-lokaci don kar ya kwanta," in ji shi. "Bayan wannan, kar a taɓa komai." Da ya zo kan "komai" ɗin, mijin ƙanwar tasa ya kalla.

Motar Yaya ba ta gama shan kwana ba Mai Kujeru ya miƙa hannu.

"Maman yara, kawo makullin jirginmu."

"Yaushe ya zama namu?"

"Ba yayanki ba ne? Ni kuma ba mijinki ba ne? To haɗa ki gani."

"Na haɗa, ban gan ka a ciki ba."

"Injin zan tayar. Ko ke za ki je ki tayar?"

Ta ba shi, don ta san in ba ta ba shi ba ko ruwa ba za ta sha da daɗi a gidan ba.

Washegari ya ja maƙwabcin shagonsa, Mai Aski, suka nufi bakin tafki. Mai Aski siriri ne mai sanyin murya, kuma bai taɓa hana kowa yin wauta ba, domin wautar mutane ita ce hirar da yake yi wa masu zuwa aski. Suka bi gadar katakon da ake ɗaure jirage, suka sunkuya suka shiga ɗakin. A ciki benci biyu ne na katako suna kallon juna, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da 'yar siririyar katifa.

Mai Kujeru ya riƙe ƙugu ya girgiza kai. "Dubi ɓarna. Wannan ai layin ganin likita ne. Da gani ka san malamin asibiti ne mai jirgin. Gwiwa da gwiwa! Ciyaman ya zauna, gwiwarsa na gugar ta mai aski?"

"Gwiwata ba ta da ƙaiƙayi," in ji Mai Aski.

"Ba ƙaiƙayi ake magana ba, daraja. Saurara. Zan fitar da benci, in shigo da masu karan-miski guda uku, in jera su a dama. Hagu kuma 'yan na roba, don irinku. In ɗauko dattawan nan in zagaya da su tafki gari na kallo. Mai Fenti ƙofa ya yi musu. Ni a kan ruwa zan ɗora su."

"Ɗora su ba wuya. Dawo da su ne aikin. Kuma na ji an ce kar a taɓa komai."

"To ai ban saɓa ba. Yaya cewa ya yi kar a taɓa komai. Benci kuwa ai ba komai ba ne."

Mai Aski ya gyara zama. Ya ga alamar hirar wata guda ta samu.

Aka zo da guduma da zarto da ƙarfen ɓamɓarar ƙusa. Da aka ɓalle bencin sai ga shi ashe akwatuna ne. A cikin na hagu akwai ƙaton batir da wata ƙugiyar ƙarfe mai doguwar sarƙa, wadda ake jefawa ruwa in ana son jirgi ya tsaya. A cikin na dama akwai rigunan ceto masu ruwan lemo.

"Tarkace," in ji Mai Kujeru. Ya ja batirin da wayoyinsa, ya ja sarƙar, ya tara su duka a jikin bangon dama, inda kujerun manya za su rufe su ido ba zai gani ba. Rigunan kuwa ya watso su kan gada.

"Waɗannan fa?" in ji Mai Aski.

"Wa zai ce wa Ciyaman ya ɗora wannan a kan babbar riga? Sai ka ce an yi masa fatan nutsewa."

Masuntan da ke gyaran raga a bakin gada suka kwashe rigunan suka yi matashin zama da su. Daga ranar suka daina fita kamun kifi da wuri, don kallo ya zo musu har gida.

Kujerun alfarma suka iso a baro, an lulluɓe su da zani. Mai Kujeru ya riga ya auna ɗakin da taƙi, tsawo da faɗi, ya tabbatar wa kowa ko yatsa bai kuskure ba. Gaskiyarsa ce, ɗakin ya auna. Ƙofar ce bai auna ba. Aka gwada kujerar farko ta gaba, ta ƙi. Aka gwada ta gefe, ta ƙi. Aka kifa ta, masunta na ba da shawara, wannan ya ce a ɗaga, wancan ya ce a sauke. Mai Kujeru ya shige ciki ya ce shi zai ja, su kuma su tura da ƙarfi in ya ce kai. Ya ce kai, suka tura, kujera ta shiga rabi ta cije. Ba gaba ba baya, ga shi a ciki, rana ta take, tagogin kuwa ko kansa ba zai fita ta ciki ba.

"Mai Aski! Ja ta baya!"

"Ta ƙi."

"To tura!"

"Ita ma ta ƙi. Bari in sha shayi in yi tunani."

Ya kuwa je ya sha shayinsa a natse, har da ƙari. Da ya dawo ya tarar da maƙwabcinsa ya jiƙe sharkaf da gumi, hancinsa a jikin taga yana neman iska. Ya miƙa masa zarto ta tagar. Mai Kujeru ya hau ƙofar Yaya da yanka, dama da hagu, har da dokin ƙofar na ƙasa da ke tare ruwa. Da ya gama, saniya ma za ta shiga ɗakin ba ta sunkuya ba.

"Dama ƙofar ta yi ƙanƙanta," ya ce da masunta yana haki. "Tun farko na lura."

Kujeru uku suka shiga, suka jeru a dama, ja wur. Mai Kujeru ya waiga, ya gyara riga, ya zauna a ta tsakiya don gwaji. Ji kake ƙum! Kansa ya daki rufi, hularsa ta koma faifai. Shi da yake gajere ke nan.

Ya sake ɗaukar zarto, ya rage ƙafafun zaki. Kujera ta yi ɗingishi. Ya rage ɗaya ƙafar don ta daidaita, sai wata ta fi tsawo. Ya bi ta, ya dawo kan ta farko, ya koma, har dai aka wayi gari babu ƙafa ko ɗaya, kujeru uku sun zauna daɓas a ƙasa. Ya ja da baya ya dube su, sai fuskarsa ta canza.

"Kai! Ai sun zama daidai. Ciyaman da Ma'aji kai ɗaya? Ba a taɓa yi ba."

Ya jawo batirin nan ya tura ƙarƙashin ta tsakiya, ta ɗaga sama da 'yan uwanta. Mai Aski ya nuna rufi da haɓa. Mai Kujeru ya ɗaga kai, ya yi lissafin tsawon Ciyaman da na hularsa, ya hau saman ɗakin, ya yanke rufin zagaye daidai saitin kujerar.

"Wannan kuma fa?" in ji wani masunci.

"Tagar shan iska. A manyan jirage haka ake yi wa shugaba. Kai ina ka taɓa shiga babban jirgi?"

"Ba za ka kafe su da ƙusa ba?" in ji Mai Aski.

"Kujerar haya ake kafewa? Makon gobe akwai taro, da me za a rantsar da ni?"

Mai Aski ya ajiye kwalbar lemon da ya sha a tsakiyar ɗaki. Kwalba ta gangara da gudu ta je ta daki kujerun manya. Ya ɗauko ya sake ajiyewa, ta sake bin hanyarta.

"Maƙwabci, jirgin nan fa ya karkata."

"Tafkin ne a karkace. Duk wanda ya san ruwa ya san wannan gefen ya fi ƙasa. In muka fita tsakiya za ka ga ya miƙe. Kwalbar ma ta fi ka ladabi, ta san inda manya suke."

Da yamma matarsa ta biyo sawu ta ga aikin. Ta dubi ƙofa, ta dubi ramin rufi, ta dubi guntayen ƙafafun zaki na yawo a kan ruwa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku! Baban yara, injin ke nan ka tayar?"

"Zan tayar. Komai da tsarinsa."

"Yaya zai yanka ni."

"Yaya zai gode mini. Jirgi ya ba mu, falo zai tarar."

"Wallahi ranar tafiyar nan da ni za a je. Gara in gani da idona, in san ta inda zan fara ba shi haƙuri."

"Akwai wurinki," in ji shi. "A hagu."

Ranar ta zo. Tun da hantsi bakin tafki ya cika, domin babu shagon da Mai Kujeru bai shiga ya yi shela ba. 'Yan layi duk sun rufe shaguna sun zo, masu talla sun biyo su, Mai Fenti ma ya zo ya sami wuri mai kyau a ƙarshen gada, wayarsa a hannu. Can sai ga dattawa uku cikin manyan riguna sun sha guga. Ciyaman dillalin siminti ne, Ma'aji katifu yake sayarwa, Sakatare kuwa tayoyin manyan motoci, kuma kowannensu ya yi kama da hajarsa. In tela zai auna cikin ɗayansu, sai ya nemi wanda zai riƙe masa ɗaya bakin tef ɗin.

Ciyaman ya ɗora ƙafa, jirgi ya duƙa.

"Ka gani, ranka ya daɗe," in ji Mai Kujeru, "har jirgin ya rusuna maka."

Ciyaman ya ji daɗi. Ya shiga ya hau ta tsakiya, hularsa ta leƙo ta ramin rufi tsaf, jama'a suka sa ihu da tafi. Ma'aji da Sakatare kuwa suka tsaya cirko-cirko, kowa na son kujerar hannun daman Ciyaman. Mai Kujeru ya raɗa wa Ma'aji cewa dama ai tasa ce tun asali. Ya zagaya ya raɗa wa Sakatare cewa a kan ruwa hannun hagun shugaba shi ne na amini. Kowa ya zauna yana yi wa ɗan'uwansa kallon tausayi. Matar Mai Kujeru da Mai Aski suka ɗosana a kan na roba a hagu, kuma tun kafin a tashi sun fara riƙe bakin taga.

Sitiyarin jirgin yana wajen ɗakin, a bakin ƙofa, shi ma ta dama. Mai Kujeru ya tsaya a bayansa, ya ƙara nasa nauyin a kan na manya, ya murɗa makulli. Inji ya ɗauka. Aka kwance igiya, jirgi ya bar gada a kaikaice, kafaɗa ɗaya a ƙasa. Ya nufi tsakiyar tafki, amma jirgin bai yarda ba, sai ya lanƙwasa ya dawo ta gaban jama'a. Mai Kujeru ya ɗaga musu hannu, wai zagayen gaisuwa ne. Jirgi ya sake lanƙwasawa ya sake dawowa. Daga bakin gada ba abin da ake gani sai farin cikin jirgi ya ɗaga ta hagu, da hula ɗaya a saman rufi ta kwanta gefe tana wucewa.

A ciki, kofunan lemon da aka jera a tire suka taho gaba ɗaya suka sauka a cinyar Ciyaman. Ruwan tafki ya sami dokin ƙofa a yanke, ya shigo ba sallama, ya nufi gefen manya.

"Mai Kujeru," in ji Ma'aji, "ƙafata ta jiƙe."

"Raɓa ce, ranka ya daɗe."

"Raɓa da rana tsaka?"

"Ta kan ruwa ba ta da lokaci."

"Raɓar ta kai mini idon sawu," in ji Sakatare. "Kuma akwai ɗan kifi a cikinta."

Ruwa ya tarar da batirin da ke ƙarƙashin Ciyaman. Inji ya yi tari biyu ya mutu. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa na ɓulɓulowa. A nan ne Mai Kujeru ya sha jinin jikinsa. Ya saki sitiyari ya leƙa ɗakin, muryar nan tasa ta koma 'yar ƙarama.

"Ranku ya daɗe, wata 'yar alfarma. Mutum ɗaya daga cikinku ya ɗan dawo hagu. Na ɗan lokaci ne. Ma'aji, taimaka."

"Ni? A kan roba? Ina riƙe da asusun ƙungiyar nan tun Sakatare bai iya sa hannu ba. Shi ya tashi."

"A tsarin ƙungiya Sakatare ne na biyu," in ji Sakatare. "Ma'aji ajiya kawai yake yi. Akwati ma yana yi."

"Ni ne akwati?"

"Ban kira suna ba."

"Ranka ya daɗe Ciyaman, ko kai za ka..."

Muryar Ciyaman ta sauko daga wajen rufi. "Shugaba ba ya tashi sai an rufe taro."

"Ku ji tsoron Allah!" in ji matar Mai Kujeru, tana maƙale da taga, kujerar robarta ta riga ta zame ta bar ta. "Iyayenmu ne ku, ɗaya ya taso mana! Ruwa fa ake magana!"

"'Yar nan, ba mu muka tsara ba," in ji Ma'aji. "Mijinki ne ya ce manya dama, ƙanana hagu. Shekara da shekaru muna ji daga bakinsa. Yau kuma in tashi gari na kallo, a ce ni ne ƙaramin?"

Dattawa uku suka hau kujerar na ƙi, wannan karon har da karan-miski. Ruwa ya kai ƙwauri, ya kama gefen manyan riguna yana hawa. Kowa ya naɗe hannu ya kafe ɗan'uwansa da ido, ya gwammace ya nutse da girmansa.

Gumi ya karyo wa Mai Kujeru. Ya dubi dama, ya dubi hagu, sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarun nan nasa da ba ya tsayawa ya juya su.

"Ranku ya daɗe, ku ɗaga kai ku duba! Wa ke sama yanzu?"

Suka ɗaga kai. Ga Mai Aski can a bisa, ya rungume taga, silifas ɗinsa na reto saitin hancin Ma'aji, yana kallon tsakiyar kawunansu.

"Mai aski ne a samanku! Babban wuri ya koma hagu! Wanda ya riga hawa shi ne babba!"

Mutum ɗaya yake nufi. Amma maganar ta shiga kunne uku a lokaci guda. Ma'aji ya zabura, Sakatare ya riƙo rigarsa ya wuce ta kansa, Ciyaman ya fizgo kansa daga rami ya bar hular a waje, ya ture su duka yana cewa a bi tsari. Suka hau gangaren nan da rarrafe, siminti da katifa da taya. Jirgi ya ɗago, ya ɗago, ya tsaya cak a miƙe. Mai Kujeru ya buɗe baki.

"Kun ga abin da nake..."

Dattawa suka isa hagu gaba ɗaya. Jirgi ya bi su. Kujerun da ba a kafe ba suka taho a guje, batir ya biyo su, sarƙa ta biyo batir tana ƙara, ruwan da ke ɗakin ma ya sauya sheƙa. Jirgin Yaya ya kwanta a kan haƙarƙarinsa na hagu a hankali, ya juye abin da ke cikinsa. A nan ƙofar da aka faɗaɗa ta yi ranarta, don dattawa uku sun fito ta cikinta kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya maƙale.

Allah ya taimaka, zagayen da jirgin ya yi ta yi ya dawo da su gab da gaɓa, ruwan iya ƙugu ne. Mai Aski ya fara ɓullowa yana laluben matajinsa. Matar Mai Kujeru ta miƙe da takalmanta a hannu. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna furzar da ruwa, ciyawa a kafaɗa.

Mai Kujeru kuwa yana ƙoƙarin miƙewa ke nan sai kujerar tsakiya ta fito ta ƙofa ta daki bayan gwiwarsa. Ya faɗa cikinta zaune. Da yake ba ta da ƙafa, sai ta nutse ta kafu a taɓo daram. Ga shi nan a kan jan karan-miski, ruwa iya ƙirji, hannuwansa biyu a kan ruwan zinare, fuskarsa na kallon gari. Hular Ciyaman ta taho tana lilo a kan ruwa ta tsaya a gabansa.

Bakin tafki ya kece da dariya. Masunta har da kwanciya a kan rigunan ceto. Mai Fenti bai yi dariya ba, don kar hannunsa ya girgiza hoton ya ɓaci.

Ciyaman ya taho yana jan rigarsa da ta sha ruwa, kai ba hula, ya zo wucewa ta gabansa. Ko a nan Mai Kujeru bai haƙura ba.

"Ranka ya daɗe... maganar kujerar nan fa?"

Ciyaman ya tsaya, ya dube shi daga sama har inda ruwa ya rufe.

"Wace kujera kuma? Ai ga ka a kai. Ma'aji, Sakatare, akwai mai ja?"

"Babu," suka ce. Rabon da su haɗa baki a kan magana ɗaya har an manta.

"To ka ci ba hamayya. Zauna abinka, kar ka tashi."

Wani daga kan gada ya ɗaga murya, "Ciyaman!" Sauran suka ɗauka, "Ciyaman! Ciyaman!" ana tafi ana buga bokiti. Matarsa ta ratso ruwa ta zo kansa, kunya ta gama rufe ta.

"Baban yara, tashi mu tafi gida."

"Dakata tukuna," ya ce a hankali. "Ba ki ji tafi ake yi ba?"

Ya gyara zama, ya ɗaga wa jama'a hannu.

Mai Fenti aka ɗaga wa hannu a makon da ya biyo, kuma a kan kujerar roba aka rantsar da shi, don masu karan-miski suna bayan shago suna shan rana, sun ƙi bushewa. Mai Kujeru ne ya jera wurin, ya koma bayan rumfa ya tsaya inda ya saba. Da Yaya ya dawo ya ga jirginsa bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ramin rufin, sannan ya je kasuwa ya sayo katako da ƙusa, ya ajiye a ƙofar mijin ƙanwarsa, ya ce benci biyu yake so, masu kallon juna, gwiwa da gwiwa. Kullum da yamma yana zaune a kan gada da sanda a hannu, Mai Kujeru na aiki, ba a barinsa ya taɓa zarto sai an nuna masa inda zai yanka.

Sunan dai ya bi shi. Daga masunta har masu talla, har Mai Fenti da kansa, ba mai kiransa Mai Kujeru yanzu. Rannan yana zaune ana yi masa aski, Mai Aski ya tambaye shi ko sunan na yi masa zafi.

"Zafin me? A gaban jama'a aka ba ni, dattawa uku suka amince. Kuma ka rubuta ka ajiye, tsarina ba shi da laifi. Da tafkin nan a miƙe yake, da yanzu wani labarin ake yi."

Wani mai baro ya leƙo ta ƙofa. "Ciyaman! An ce ka kawo kujeru gidan mai rasuwa, kuma ka zo da wuri ka jera."

"Na'am," in ji shi, ya miƙe da rabin aski. "Ce musu Ciyaman na tafe."